Fata Ba Takarda Ba Ce

Ɗan'uwa mai karatu, kowace shekara in an gama girbi, an sa hatsi rumbu, samarin garinku suna ɗaure kaya su tahi cin rani. Wasu su yi Kano ko Legas, wasu Kwatano ko Abijan, wasu kuma su bi hanyar Agadas su yi Libiya ko Aljeriya. Kila ɗanka na cikinsu. Kila kai kanka ka taɓa zuwa. Saboda haka maganar da za mu yi yau taka ce, ko da za ka ji sunayen garuruwan da ba ka taɓa takawa ba.

Akwai wata gardama da ake yi cikin ƙasashe da yawa bisa baƙin haure. Baƙin haure su ne mutanen da sunka shiga wata ƙasa ba da takarda ba, ko kuwa takardarsu ta ƙare ba su hita ba. Wasu na cewa a tsananta doka, a ba ƴan sanda iko su tsayar da duk wanda sunka yi ma zato, su tambaye shi takarda. Wasu kuma na cewa irin wagga doka takan zama sandar dukan mutane saboda launin fatarsu da harshensu.

Ni dai ga inda na tsaya, ba zan ɓoye maka ba. Kowace ƙasa tana da ikon tsare ƙofarta. Amma duk dokar da ta bar ɗan sanda shi duba huskar mutum shi yanke mashi hukunci, zalunci ce, ko wace ƙasa ta yi ta, ko da tamu ce. Bari in ba ka dalilaina, kai kuma ka auna da hankalinka.

Ƙaƙa ake gane mutum marar takarda?

Mu fara da abin da ba mu gardama a kansa. Mai gida yana da ikon sanin wanda ya kwana zaurensa. Ƙasa ma hakanan. In ta ce sai da pasfo ko biza za a shiga, ba ta yi laihi ba. Mu ma nan Nijar akwai jandarma da duwan bisa iyakoki, kuma babu mai cewa a ɗauke su.

Wahalar tana wani wuri. Ɓarawon da ya haura katanga ana ganinsa bisa katanga. Wanda ya doki mutum cikin kasuwa akwai shaidu. Amma rashin takarda ba abu ba ne da ake gani. Takarda cikin aljihu take, ba a rubuta ta bisa goshi. To, in an ce ma ɗan sanda: je ka kamo marasa takarda, da mi za shi gane su cikin taron jama'a? Ba shi da abin dubawa sai fata, da gashi, da tuhwahi, da yadda harshen mutum ke karya magana. Ka ga ke nan, tun kahin a tambayi takarda an riga an zaɓi wanda za a tambaya.

Wani za shi ce maka: ai ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne in hatsi ake awo. In mutane ake awo, wata karin magana ta hi dacewa: kama da wane ba ta wane.

Abin da ya faru a Arizona

Don kada ka ce zato nike yi, ga wani wuri inda anka gwada abin, har ya kai gaban alƙalai.

Arizona jiha ce cikin ƙasar Amurka, can kudu, bisa iyaka da ƙasar Meksiko. Hamada ce mai zahi kamar arewacinmu. Da can yankin duka na Meksiko ne. Amurka ta samu mahi yawansa a 1848 bayan yaƙi, ta sayi sauran a 1853. Watau akwai zuri'ar mutane da ba su taɓa tsallake iyaka ba, iyakar ce ta zo ta same su. Mutumen Maraɗi da ke da dangi a Katsina ya san wanga abu, tunda layin da Faransa da Ingila sunka ja ya raba gida guda biyu. A ƙidayar 2010, kusan mutum 3 cikin 10 na Arizona asalinsu daga Meksiko ne ko ƙasashen da ke magana da harshen Sipaniya. Da yawansu can anka haihe su, ƴan ƙasa ne cikakku.

Ran 23 ga Afrilu 2010 gwamnar jihar, Jan Brewer, ta sa hannu bisa wata doka da ake kira SB 1070. Dokar ta ce in ɗan sanda ya tsayar da mutum bisa wani dalili, ko da gudun mota ne, kuma ya yi zaton mutumen baƙon haure ne, to wajibi ne shi bincika takardunsa. Jama'a sunka yi ca. Cikin mako guda anka ƙara wani gyara, anka ce kada ɗan sanda shi dogara ga launin fata. Magoya bayan dokar sunka ce shi ke nan, magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Dokar ta hana duba fata, amma ba ta cire zato ba. Zato kuwa cikin zuciyar ɗan sanda shike, babu mai iya buɗe ta shi gani. In ya ce mutumen ya yi mini kama da baƙo, wa za shi ƙaryata shi?

A gundumar Marikopa, inda birnin Finiks shike, an ga inda zato ke kai mutane tun kahin a yi wagga doka. Shugaban ƴan sandan gundumar, Joe Arpaio, ya yi suna wajen farautar baƙin haure. Mutanensa sukan mamaye unguwanni su riƙa tsayar da motoci. A 2007 sun tsayar da wata mota, sunka kama wani ɗan Meksiko da ke zaune ciki, sunka tsare shi sa'o'i da yawa. Ashe mutumen yana da biza mai kyau. Ya kai ƙara, wasu ma sunka bi bayansa, cikinsu har da ƴan ƙasar Amurka. A 2011 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta yi bincike, ta ce direba mai kama da ɗan Meksiko, a wagga gunduma, ana tsayar da shi ninki 4 zuwa 9 bisa sauran direbobi. A 2013 alƙali Murray Snow ya yanke hukunci cewa ƴan sandan Arpaio sun taka tsarin mulki, don suna zaɓen mutane bisa jinsinsu.

Ita kuwa SB 1070, babbar kotun Amurka ta duba ta a 2012. Ta soke sassa 3 cikin 4 da anka kai ƙara a kansu, ta bar sashen tambayar takarda, tare da gargaɗi cewa in an yi amfani da shi ta mugunyar hanya ana iya sake kai ƙara. Arpaio ya faɗi zaɓe a 2016. A 2017 kotu ta same shi da laihin ƙin bin umurnin alƙali, sa'annan shugaban ƙasa Donald Trump ya yahe mashi. Kuɗɗin shari'a da na gyaran aikin ƴan sandan sun wuce dalar Amurka miliyan 200, kuma daga harajin talakawan gundumar anka biya.

Kada ka ɗauka an rabu da gardamar. A watan Satumba 2025 babbar kotun ta ɗage umurnin wata alƙaliya ta birnin Los Anjeles, wanda ya hana ma'aikatan shige da hice tsayar da mutum don kamanninsa kawai, ko harshensa, ko wurin da anka gan shi, ko irin aikin da shike yi. Ka ga abin da anka kora ta ƙofa yana iya komowa ta taga.

Wai mai takarda ba ya tsoro

Ga babbar hujjar masu son irin wagga doka. Suna cewa: in takardarka na da kyau, mi ya dame ka? Ka nuna, ka wuce.

Mai faɗin haka bai taɓa tsayawa bakin hanya ba ana kallonsa. Ka ɗauka kai da maƙwabcinka kuna zuwa kasuwa ɗaya kowane mako. Shi kullum shi wuce abinsa. Kai kuwa kullum a ce ka sauko daga mota, a zazzage kayanka gaban ɗiyanka, a juya takardarka gaba da baya, mota ta gaji da jira ta tahi ta bar ka. Da marece a ce maka ba ka da laihi. To, ranar kasuwa da ka rasa wa za shi biya ka? Mutuncinka da anka zubar wa za shi kwashe? Ranar da ka manta takarda gida kuwa, sai ka kwana kurkuku, shi kuwa maƙwabci bai ma san inda tasa take ba.

A Faransa an auna wanga abu. A 2017 hukumar kare haƙƙin jama'a ta ƙasar ta hitar da sakamakon tambayar da ta yi ma mutum sama da 5000. Ta tarar saurayi baƙar fata ko mai kama da Balarabe ana tsayar da shi ninki 20 bisa sauran mutane. Kahin nan, a 2016, babbar kotun ƙasar ta riga ta ce gwamnati ta yi laihi wajen tsayar da wasu mutane saboda kamanninsu. Da yawa daga samarin da ake tsayarwa Faransa anka haihe su, ba su da wata ƙasa sai ita.

Akwai kuma wata ɓarna da ba a gani da wuri. Jama'ar da ke tsoron ƴan sanda ba ta kai masu labari. Matar da anka yi ma sata za ta yi shiru. Leburan da anka hana ma ladansa za shi haɗiye. Wanda ya ga kisa za shi ce bai ga komi ba. Wa ya ci riba? Ɓarawo, da azzalumin mai aiki da ke neman lebura mai arha wanda ba shi da bakin kai ƙara.

Asamaka

Yanzu mu komo kusa da gida, inda abin ya hi ciwo.

Asamaka ƙaramin gari ne cikin hamada, arewa da Arlit, bisa iyakarmu da Aljeriya. Aljeriya ta yi dokar shiga da zaman baƙi a 2008. A ƙarshen 2014, bayan yarjejeniya da gwamnatin Nijar, ta fara komo da ƴan Nijar marasa takarda cikin jerin manyan motoci. Hujjarta ita ce mata da yara sun cika titunan biranenta suna bara. Mu faɗi gaskiya, akwai baran, kuma da yawan masu yinsa daga jihar Damagaram sunka hito.

Amma dubi yadda kamun ya koma. Daga 2017 aka shiga mamaye wuraren gini, da gidajen haya, da tituna, ana kwashe baƙaƙen fata. A watan Oktoba 2017 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty International ta ba da labarin mutum sama da 2000 da anka kora cikin mako 3. Ta ce an kama su bisa launin fatarsu, ba a tsaya duba ko suna da izinin zama ba, kuma cikinsu akwai masu takarda mai kyau da masu neman mafaka. An yi masu kuɗɗin goro.

Ƴan Nijar akan kawo su cikin motoci har Asamaka. Ƴan wasu ƙasashe kuwa, mutanen Mali, da Gini, da Kamaru, da Najeriya, da sauransu, akan sauke su a wani hili cikin rairayi, kilomita 15 daga garin, a nuna masu kudu da hannu a ce su taka. A 2018 kamfanin labarai na AP ya ce cikin wata 14 an zubar da mutum sama da 13000 ta wagga hanya, har da mata masu ciki da yara, kuma wasu ba su kai ba. Gwamnatin Aljeriya ta musanta cewa tana wulaƙanta kowa. Amma ƙungiyar Alarme Phone Sahara, wadda mutanenta ke ƙidaya masu isowa, ta ce a shekarar 2024 kaɗai an koro mutum sama da 31000 zuwa Nijar.

Ka yi tunani, ɗan'uwa. Saurayi ya yi wata shidda yana ɗaukar siminti. Sai a kama shi wurin aiki da kayan jikinsa. Ladan da mai gini ke riƙe mashi ya tahi. Ɗan abin da ya tara cikin ɗaki ya tahi. Bai ga alƙali ba, babu wanda ya tambaye shi ko yana da abin cewa. Ko da ba shi da takarda, hukuncin rashin takarda a mai da shi gida ne. Wace doka ce ta ce a cinye guminsa, a bar shi da ƙishirwa cikin hamada?

Tunisiya ma ta nuna mamu inda wagga hanya ke zuwa. A watan Fabrairu 2023 shugaban ƙasar, Kais Saied, ya yi jawabi yana zargin baƙi daga kudu da Sahara da zama wani shiri na canza kamannin al'ummar ƙasarsa. Cikin ƴan kwanaki anka riƙa korar baƙaƙen fata daga gidajen haya da wuraren aiki, ana dukan wasu bisa titi. Abin bai bar ɗalibai masu takarda ba, bai bar baƙaƙen fata ƴan asalin Tunisiya ba. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta yi tir da jawabin, ƙasashe kamar Gini da Mali da Kodibuwar sunka aika jirage sunka kwashe mutanensu. Mai jifa cikin hushi ba ya tambayar pasfo.

Doka ba ta ƙosar da mai yunwa

Masu son tsanani suna da wata hujja. Suna cewa in an matsa, mutane za su bar tahiya, a huta da mutuwa cikin hamada. Da haka ne, da na goyi bayansu. Amma mun gani da idonmu.

A watan Oktoba 2013 anka tarar da gawa 92 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu sun lalace bisa hanyar Tamanraset, ƙishirwa ta kashe su. Mahi yawansu daga yankin Kance suke. Ƙasa ta yi makoki kwana 3. Waɗannan bayin Allah sun san hamada na kisa, amma sunka hita. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya hi wutar zahi.

A watan Mayu 2015 Nijar ta yi doka mai lamba 2015-36 bisa safarar baƙin haure, wadda ƙasashen Turai sunka goya ma baya ƙwarai. Ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10. Daga 2016 anka kama direbobi a Agadas, anka tsare motoci. Lokacin Nijar na cikin ƙungiyar CEDEAO, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa cikinta ikon shiga wata shi zauna kwana 90 babu biza. Duk da haka, ɗan Gana ko ɗan Senegal da anka gani arewa da Agadas sai a ɗauke shi mai niyyar zuwa Turai, a mai da shi. Nan ma zato ne ya yi aiki, don niyya ba a ganinta.

Tahiya ba ta tsaya ba. Direbobi sunka bar hanyar da ke da rijiyoyi, sunka bi ta ɓoye, kuɗɗin mota ya hau. A watan Yuni 2017 anka samu gawa 44 tsakanin Agadas da Dirku, mahi yawansu ƴan Gana da Najeriya, motarsu ta mutu nesa da ruwa. A watan Nuwamba 2023 gwamnatin Janar Abdurahaman Tiani ta soke dokar. Ko kana ganin sokewar daidai ce ko ba daidai ba, abu guda ya hito hili: muddin gona ba ta ciyar da gida, kuma wani wuri ana neman hannun aiki, mutane za su tahi. Tsanani yana canza hanyar da za su bi ne kawai.

Laihi tudu ne

Kada ka ce wanga hali na Turawa da Larabawa ne kaɗai. Laihi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani.

A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su bar ƙasar. Tsofaffin garinku da sunka yi zama Kumasi ko Ankara suna iya ba ka labarin. Mutanen Najeriya da na Nijar da yawa sunka bar shaguna da gidaje, wasunsu can anka haihe su. Shekara 13 bayan haka, a watan Janairu 1983, gwamnatin Shehu Shagari ta Najeriya ta yi irin haka. An ƙiyasta mutum wajen miliyan 2 sunka hita, kusan rabinsu ƴan Gana, akwai kuma ƴan Nijar da yawa. Jakar nan da ake kira Gana-mas-go daga nan ta samu sunanta. Duniya rawar ƴammata ce, na gaba shi koma baya.

A 1980 an kama Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Barno, anka kai shi Cadi, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Kotu ta ce ɗan Najeriya ne, ya komo gida. In haka ta samu babban ɗan majalisa, ina ga talaka mai tallan ruwa?

Mu ma a nan, a watan Oktoba 2006 gwamnati ta ba da sanarwar za ta kori Larabawan Mahamid daga jihar Difa zuwa Cadi. Cikin ƴan kwanaki ta janye maganar, kuma ta kyauta da ta janye. Ka duba garinku ma. In an yi satar shanu, wa ake fara nunawa da yatsa? Sau da yawa Bahillacen da ke wucewa da garkensa, ko Buzun da ya sauka bayan gari, tun kahin a bi sawu. Wanda ke yin haka gida ba shi da bakin kuka in an yi ma ɗansa irin haka a Tamanraset.

Na san abin da za ka ce. Zamani ya lalace, akwai ƴan bindiga, akwai masu satar mutane, dole a yi hattara da baƙon ido. Na yarda. Amma hattara ita ce a bi aikin mutum: an gan shi da makami, an gan shi da dabbar sata, akwai shaida a kansa. Jandarman da ya ɓata wuni yana tsare masu wani irin rawani, ya ba mugu hili ke nan, don mugu ya iya canza rawani.

Abin da ya kamata

Dokar adalci ba ta da wuyar ganewa. In za a tambayi takarda bisa iyaka ko bisa shinge, a tambayi kowa da ke cikin mota, fari da baƙi, mai babbar riga da mai tsumma. In za a tsayar da mutum cikin gari, a ce ga abin da ya aikata, kuma a rubuta dalilin, yadda in zalunci ne za a iya kai ƙara. Wanda anka kama a duba maganarsa shi kaɗai, a ba shi dama shi nuna takardarsa gaban mai shari'a. In ya tabbata za a mai da shi gida, a bar shi shi karɓi ladansa, shi kwashi kayansa, a kai shi inda akwai ruwa da mutane. Kuma in ƙasa na bukatar lebura, ta buɗe hanyar ba da takardar aiki, maimakon ta ci guminsu da rana ta kore su da dare. Wanga shi ne abin da ya kamata shugabanninmu su nema ma ɗiyanmu wajen maƙwabta, su kuma yi ma baƙin da ke cikinmu.

Kai ma kana da naka aiki, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In an yi maka aihuwa, ka je a rubuta jariri tun da wuri, ka karɓi takardar aihuwa, don in lokaci ya wuce sai an bi ta wajen alƙali. Ɗanka kada shi hita cin rani ba da katin ɗan ƙasa ba, kuma shi tambaya tun gida wace takarda ƙasar da za shi ke nema. Shi karanta ranar da takardarsa za ta ƙare da idonsa. Shi bar hotonta gida wajen wanda ya amince da shi. Shi riƙa aiko da abin da ya samu kaɗan-kaɗan, kada shi tara wajen mai aiki. Takarda ba ta hana zalunci duka, mun riga mun gani, amma mai ita yana da abin tsayawa a kai ranar gardama.

Ke kuma uwa, da kai uba, kada ku ba da yaro a tahi da shi bara bayan hamada, komi daɗin bakin wanda ya zo neman shi. Yaran nan 52 na 2013 ba su zaɓi tahiya ba, manya sunka zaɓa masu.

In baƙo ya sauka garinku, ku kai shi wajen mai gari kamar yadda anka saba, a san sunansa da abin da ya kawo shi. In ya yi laihi a hukunta shi bisa laihinsa. In bai yi ba, a ba shi ruwa, a bar shi shi nemi abincinsa. A daidai wanga lokaci ɗan wani daga garinku yana tsaye ƙofar wasu mutane, yana fatan a yi mashi haka.

Ku karanta wagga magana a dandali, ku karanta ma waɗanda ke shirin tahiya, ku yi gardama a kanta. Allah shi kai matahiya lahiya, shi komo da su lahiya.